Bangaskiyar da Ta Yarda a Yi Kuka

A ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Kwarhi, ƙauyen da ke kusa da Mubi inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wadda aka fi sani da EYN. Shugabanni da malaman makarantar Littafi Mai Tsarki da ɗalibai da iyalansu suka fantsama cikin daji, wasu suka nufi iyakar Kamaru, wasu suka yi Yola, daga baya aka buɗe ofishin wucin gadi a Jos. Wata shida kafin wannan rana an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu kuwa 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A 2020 shugabanta, Rabaran Joel Billi, ya ba 'yan jarida lissafin ɓarnar: an kashe mambobinta fiye da 8,000, an raba kimanin 700,000 da gidajensu, an ƙona ɗaruruwan majami'u. Ikilisiya ce da aka fara sujadarta ta farko a Garkida a 1923, ƙarƙashin itacen tsamiya, kuma ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga 'yan mishan da suka kafa ta. Ba ta da rundunar da za ta kare ta, ba ta da dukiyar da za ta sake gina abin da aka rushe cikin gaggawa. Duk da haka hedikwatar ta koma Kwarhi, kuma a 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara 100.

Duk mai son ya yi magana a kan waraka da bege ta wurin bangaskiyar Kirista, ya kamata ya fara da irin waɗannan mutane, domin a wurinsu ne maganar take fuskantar gwaji mafi tsanani. Bangaskiya ba ta tare musu harsashi ba. Ba ta hana wuta cin majami'a ba, ba ta kuma dawo da dukan 'yan matan ba. Idan amfanin bangaskiya shi ne ta kau da wahala daga kan mai bi, to a Gwoza da Michika da Madagali ta gaza, kuma babu amfanin lulluɓe maganar. Amma ni a ganina ba nan ƙarfinta yake ba, kuma ba ta taɓa yin wannan alkawari ba. Abin da ta yi wa mutanen da suka tsira shi ne ta ba su izinin su kira ciwonsu da sunansa a gaban Allah da gaban jama'a, ba tare da an ɗauke su marasa bangaskiya ba, sa'an nan ta ba su begen da bai rataya a kan yadda al'amarin zai ƙare ba. Wannan ita ce warakar da ta tabbata a ƙasa. Ita ce kuma wadda ake neman ɓatarwa a yau a cikin hayaniyar wani irin wa'azi da ya fi ta farin jini.

Kowa ya san wannan wa'azi, domin allunansa sun cika titunan Kaduna da Jos da Abuja da Sabon Garin Kano: daren mu'ujiza, ƙarshen talauci, shekarar buɗi, shuka iri ka girbe ninki ɗari. Ba na zargin duk mai zuwa irin waɗannan tarurruka, domin wanda tsadar rayuwa ta shaƙe wa wuya tun cire tallafin mai a 2023, ko matar da ta shekara goma ba haihuwa dangin miji suna yi mata gori, duk ƙofar da aka nuna musu za su ƙwanƙwasa. Ba na kuma musun cewa Kiristoci suna addu'a domin marasa lafiya, kuma sun gaskata Allah yana warkarwa. Wannan yana cikin addinin tun farkonsa. Inda aka kauce shi ne inda aka mai da waraka ciniki, aka ce ga farashi ga kaya. Domin duk cinikin da aka ce ba ya faɗuwa, idan ya faɗi dole a nemi mai laifi, kuma mai laifin kullum shi ne wanda ya zo neman taimako. Ɗanki ya mutu? Bangaskiyarki ce ta yi rauni. Ciwon sikila bai tafi ba? Akwai zunubin da ba a furta ba, ko la'anar kakanni, ko baikon da aka rage. Gwauruwar da ta shiga majami'a da kaya ɗaya sai ta fito da biyu, baƙin cikin rashi da kuma zargin kai. A gaya mini yadda za a yi wa uwar ɗalibar Chibok wannan wa'azi, ita da ta yi azumi da addu'a shekara da shekaru, alhali 'yar maƙwabciyarta ta dawo tata ba ta dawo ba.

Abin mamaki shi ne Littafi Mai Tsarki, wanda aka fassara gaba ɗayansa cikin Hausa tun 1932, bai goyi bayan wannan ciniki ba, ya ma ware littafi sukutum don rushe shi. Hausawa, Musulmi da Kirista, sun san Ayuba da haƙuri. Amma wanda ya zauna ya karanta littafinsa zai tarar da mutumin da ya la'anci ranar da aka haife shi, ya ce ya gaji da rai, ya nemi a ba shi dama ya kai ƙararsa gaban Allah. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi abin kirki a farko: sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya buɗe baki. Da suka fara magana sai suka ɓata, domin tauhidinsu shi ne wanda ke kan allunan titi a yau, wato mai adalci ba ya shan wahala, saboda haka Ayuba ya bincika kansa. A ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da abokan, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda Ayuba ya yi. Mai kuka da gunaguni shi aka ba gaskiya, masu kare Allah da hujjoji masu tsari su aka tsawata wa. Haka kuma cikin Zabura 150, wajen kashi ɗaya cikin uku koke ne, wasunsu suna tambayar Allah har yaushe zai yi shiru, ta 88 kuwa ta ƙare ba tare da wata alamar samun sauƙi ba, amma ba a cire ta daga littafin sujada ba. Akwai littafi guda mai suna Makoki, wanda ya tsaya a kan kangon Urushalima yana lissafa yunwa da gawawwaki. Al'ummar da ta ajiye irin waɗannan rubuce-rubuce a tsakiyar ibadarta ta riga ta yanke hukunci cewa kuka ma addu'a ne.

A Sabon Alkawari maganar ta ƙara fitowa fili. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ƙi duka biyun. Da aka yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutanen birnin laifi ba. Ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. A Gatsemani ya roƙa a ɗauke masa abin da ke gabansa, ba a ɗauke ba. Bulus ya roƙa sau uku a raba shi da wata wahala da ta addabe shi, aka bar shi da ita, kuma shi da aka yi mu'ujizai ta hannunsa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Abin da ya fi duka nauyi a wurin mai bi shi ne labarin tashi daga matattu, inda Almasihu ya bayyana ga Toma da gurbin ƙusoshi a hannuwansa. Bangaskiyar Kirista ba ta ce an shafe raunin kamar bai auku ba. Ta ce raunin yana nan, ana iya gani, ana iya taɓawa, amma ba shi ne ya yi maganar ƙarshe ba. Ga mutumin da aka yanka wa ɗan'uwa a gabansa, wannan ya fi duk wani alkawarin buɗi amfani, domin yana nufin Allahn da yake kira ya san tsoro da cin amana da azabar jiki daga ciki, kuma ba a neman ya manta kafin a karɓe shi.

Daga nan ne irin begen da nake nufi yake fitowa, kuma an gan shi a fili a watan Janairu na 2020. Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar Michika, ya faɗa hannun 'yan ta'adda, suka ɗauke shi a bidiyo. A cikin jawabinsa ya nemi a yi ƙoƙarin ceto shi, ya ce da yardar Allah zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa, sa'an nan ya ƙara da cewa idan hakan bai samu ba, wataƙila nufin Allah ke nan. Ba a daɗe ba aka kashe shi. Mai wa'azin ciniki zai rasa abin faɗa a nan, domin mutumin ya gaskata kuma bai kuɓuta ba. Amma duk wanda ya san labarin samari uku na littafin Daniyel, waɗanda suka gaya wa sarkin Babila cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, kuma ko bai cece su ba ba za su durƙusa wa gunki ba, zai gane inda Andimi ya tsaya. Yana son rai, ya roƙi rai, amma bai jingina amincinsa ga samun abin da ya roƙa ba. Haka labarin Leah Sharibu, wadda aka sace tare da 'yan matan Dapchi a ranar 19 ga Fabrairu, 2018, tana da shekara 14, aka sako sauran da ke raye bayan wata guda aka riƙe ta, bisa shaidar ƙawayenta, don ta ƙi barin addininta. Shekaru suka yi ta wucewa ana addu'a dominta a majami'u ba a sako ta ba. Begen da ke mutuwa duk ranar da amsa ta yi jinkiri da tuni ya mutu a nan. Wanda ya rage shi ne mai iya zama cikin jira ba tare da ya yi ƙarya a kan zafin jiran ba.

Kada a ɗauka duk wannan zance ne na tauhidi da ke tsaya a kan bagade. Yana da hannu da ƙafa, kuma mafi yawan lokaci hannun na mata ne. Wanda ya san majami'un Arewa ya san zumuntar mata, da zannuwansu iri ɗaya da tulun kiɗa da caki da waƙoƙinsu na Hausa. Su ne ke fara isa gidan rasuwa da itace da hatsi, su ɗora tukunya, su kwana da wadda aka yi wa rashi, su dawo bayan mako idan 'yan ta'aziyya sun watse, lokacin da gidan ya yi shiru ciwon ya fara da gaske. A sansanin Minawao na Kamaru, 'yan gudun hijira sun kafa majami'unsu da zumuntarsu tun kafin su san ranar komawa. Bayan 2014 EYN ta tura ma'aikatanta su koyi tsarin warkar da raunin zuciya da aka ɓullo da shi a Ruwanda bayan kisan ƙare dangi na 1994, inda ake tara mutane kaɗan na kwana uku, a bayyana musu cewa rashin barci da firgita da saurin fushi da mantuwa ba hauka ba ne ba kuma aljanu ba, abin da jiki da zuciya ke yi ne bayan sun ga abin da ya fi ƙarfinsu, sa'an nan a bar kowa ya faɗi abin da ya rasa. Dakta Rebecca Dali, wadda aka ba lambar yabo ta Sérgio Vieira de Mello a 2017 saboda aikinta da mata da marayu, ta yi shekaru tana tattara sunayen waɗanda aka kashe, dubbai, ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar da ake ba da labarin mutuwa da alƙaluma, rubuta sunan mamaci magani ne ga mai rai. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa kaɗaici da rashin mai tallafi suna cikin manyan abubuwan da ke sa firgici ya zauna daram a jikin mutum. Firgici miki ne da idan aka naɗe shi da ƙyalle ba a wanke ba, ruɓa yake yi a ɓoye.

A nan mai hankali zai iya cewa: to ai wannan ba aikin bangaskiya ba ne, aikin jama'a ne, kuma kowace al'umma mai zumunci tana yi. Musulmin da suka rasa 'yan'uwa a harin babban masallacin Kano a watan Nuwamban 2014, da dubban Musulmin Bama da Baga da Damasak, su ma sun sami abin riƙewa a addininsu, cikin haƙuri da tawakkali da zaman makoki. Gaskiya ne, kuma Kiristan da zai musa wannan bai san maƙwabtansa ba. Ba na kawo wannan magana don in ce hawayen wani ya fi na wani daraja, ko ta'aziyyar wani ta banza ce. Abin da nake cewa shi ne ba a raba jama'a da abin da ya tara su. Matan zumunta ba ƙungiyar adashi ba ce da ta ari sunan addini. Suna zuwa gidan makoki ne domin an koya musu cewa ikilisiya jiki ɗaya ce, idan gaɓa ɗaya ta ji ciwo duka sun ji. Abin da suke rerawa a tsakar gidan shi ke ba mai makoki kalmomi lokacin da nasa suka ƙare. Cire abin da suka gaskata, ka ga ko za su ci gaba da zuwa shekara biyar bayan ƙungiyoyin agaji sun naɗe tabarmarsu. Kowane addini ya amsa tambayar wahala da irin tasa amsa, kuma haƙƙin mabiyansa ne su bayyana ta. Tawa maganar a kan abin da Kirista ya gada ne, da yadda yake neman sayar da shi da arha.

Suka ta biyu ta fi wannan kaifi, kuma ta tsufa. Tun ƙarni na 19 Karl Marx ya kwatanta addini da abin sa maye da ke dusashe wa talaka raɗaɗin zalunci, har ya daina tambayar wanda ke zaluntarsa. A Nijeriya sukar tana da ƙafar tsayawa, domin ba a rasa shugabannin addini da ke cewa a bar wa Allah a daidai lokacin da ya kamata a tambayi gwamna ina aka kai kuɗin tsaro. Amma a duba da kyau a ga wace irin bangaskiya ce ke sa wannan barci. Wadda ta hana kuka ce. Mutumin da aka koya masa cewa faɗin ciwo rashin bangaskiya ne, ba zai faɗa wa Allah ba, balle ya faɗa wa hukuma. Wanda kuwa ya saba da addu'ar da ke tambayar Mahalicci har yaushe, ba zai ji nauyin tambayar shugaban ƙasa ba. A watan Fabrairun 2020, a jana'izar Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da limaman Katolika ta Kaduna mai shekara 18 da masu garkuwa suka kashe, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa'azin da ya haɗa ta'aziyya da tuhumar gwamnati kai tsaye, har ya tayar da ƙura a faɗin ƙasa. Makonni kaɗan bayan haka bishop-bishop na Katolika suka sa baƙaƙen kaya suka yi tattaki a titunan Abuja. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban 'yan gudun hijira a 2014, daga baya ya gina gidaje 86 a Sangere-Marghi ga waɗanda ba su da inda za su koma, da makaranta da majami'a, har da masallaci domin Musulmin cikinsu, abin da ya jawo masa suka daga wasu Kiristoci. Wanda ya bugu ba ya irin wannan aiki.

Sai batun gafara, inda nake ganin majami'u suka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Gafara tana tsakiyar koyarwar Almasihu, babu mai ja. Amma akwai gaggawar da ake yi da ita wadda ta zama wani sabon zalunci: a tsayar da matar da aka kashe wa miji makon jiya a gaban jama'a, a ce ta furta ta yafe, a yi tafi, a tashi. Sau da yawa abin da ake nema a nan shi ne kwanciyar hankalin masu kallo, waɗanda baƙin cikinta ya dame su. Labarin Fasto James Wuye ya nuna yadda abin yake a gaske. Ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 a Kaduna, lokacin yana jagorantar matasan Kirista masu faɗa, shi kuma Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995 suka fara aiki tare, amma Wuye ya sha faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa alhali zuciyarsa tana raya masa ya hallaka shi. Sannu a hankali ƙullin ya kwance, har cibiyar da suka kafa ta shiga tsakani a Kaduna da Yelwa-Shendam. Da an tilasta masa furta gafara a makon farko, da furucin kawai aka samu. Kuma gafara ba ta taɓa nufin a rufe shari'a ba. Mai bi zai iya sakin ƙudurin ramuwa daga zuciyarsa, ya kuma tsaya kai da fata a kan a kama wanda ya yi kisan a gurfanar da shi. Fasto da ya koya wa jama'arsa ɗaya ya bar ɗaya, ya ba su rabin addini.

Haka nan addu'a ba kishiyar asibiti ba ce, kuma tarihin Kiristanci a wannan yanki shi ne babban shaida. Mutanen da suka kawo bishara su ne suka buɗe asibitin Vom a 1922, da wurin jinyar kutare a Garkida a 1929, da asibitin ido na Kano a 1943, da na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, da Jankwano a Jos a 1959, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa magani a Kano da Galmi ba Kiristoci ba ne. Zazzaɓin Lassa ma a asibitin mishan na garin Lassa aka fara gano shi a 1969, inda ma'aikaciyar jinya Laura Wine ta kamu, aka kai ta Jos ta mutu a can, abokan aikinta suka yi addu'a, suka kuma aika da jini Amurka don a bincika. Dakta Jeanette Troup ta rasu a Jos a 1970 bayan ta kamu da cutar tana binciken gawar majinyaci. Waɗannan mutane ba su ga wani saɓani tsakanin durƙusawa da riƙe allura ba. Saboda haka abin takaici ne rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2019, wanda ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da dama a Nijeriya, ciki har da gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, fasto ko mai bishara shi ne sau da yawa mutum na farko da mai ciwon damuwa zai je wurinsa, wani lokaci shi ne na ƙarshe. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta isa ƙauyen Askira ko Tafawa Ɓalewa da kanta ba. Makarantun tauhidi irin su na Bukuru da Kagoro da Kwarhi suna da aikin yi: ɗalibin da zai fita ya riƙe ikilisiya ya san alamun mutumin da ke tunanin kashe kansa, ya san lokacin da zai yi addu'a sa'an nan ya ɗauki mutum a mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri ko na Barnawa, ya kuma daina gaya wa mai shan magani cewa kwalbar da ke aljihunsa alamar shakka ce.

Akwai kuma waɗanda duk wannan bai kai gare su ba, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu su. Wasu sun fito daga daji bangaskiyarsu ta karye, ba sa iya shiga majami'a, ba sa iya buɗe baki su yi addu'a. Hujja ba ta dawo da su, kuma wanda ya bi su da ayoyi ya koma sahun abokan Ayuba bayan sun fara magana. Abin da ikilisiya za ta iya yi musu shi ne abin da abokan suka yi a kwana bakwai na farko, ko da kwanakin sun zama shekaru: a kai musu abinci, a biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta, kada a goge sunansu daga littafin mambobi don an daina ganinsu ranar Lahadi. Mafi wuya a cikinsu su ne matan da suka dawo daga hannun 'yan ta'adda da ciki ko da goyo. An sha ba da rahoton yadda garuruwa, na Musulmi da na Kirista, suke ƙyamarsu, ana nuna su da baki, ana tsoron 'ya'yansu da cewa jinin ubansu zai biyo su. Wasu mazajen sun ƙi karɓar matansu, wasu iyayen sun karɓi 'yarsu sun ƙi jikan. Yaran nan yanzu sun kai shekarun makaranta, suna jin abin da ake kiransu. Dattawan kowace ikilisiya da ke da irin wannan uwa a garinsu suna da hukuncin da za su yanke a zamansu na gaba: ko za a rubuta sunan yaron a ajin Lahadi tare da sauran yara, ko uwar za ta zauna a benci ɗaya da matan zumunta ta ɗaura zaninsu, da kuma wanda za a tura ya je ya zauna da mijin da ya ƙi ta, ya saurari nasa ciwon shi ma, kafin a ce masa komai.